Kafin a hau tsaunukan Alps da yaro mai tatata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu in yi magana da iyayen ƙananan yara, musamman waɗanda Allah ya hore wa zuwa Turai hutu. Ni mazauniyar Miyunik ce a kudancin Jamus, tsaunukan Alps kuwa a bakin ƙofarmu suke, cikin sa'a ɗaya da rabi jirgin ƙasa ya kai mutum Garmisch. Shi ya sa da zarar zafin Turai ya kama, ba na rasa saƙon 'yan'uwa daga Kano ko Abuja ko Yamai, kowa na cewa a duba masa tsarin tafiyarsa. Na baya-bayan nan daga ƙanena ne, shi da mai ɗakinsa da 'yarsu mai shekara biyu. Kwana huɗu suka ware, a ciki har da Jungfraujoch a Suwizalan da Aiguille du Midi a Faransa. Na tambaye shi ko ya san tsayin wuraren nan, ya ce, "Yaya, ai ba da ƙafa za mu hau ba."

To, a nan matsalar take. Da a ce da ƙafa ake hawa, da jiki ya samu lokacin sabawa. Tashar jirgin Jungfraujoch tana kan mita 3,454, babu tashar jirgin ƙasa da ta fi ta bisa a duk Turai, kuma daga Grindelwald, garin da bai wuce mita 1,000 da 'yan kai ba, ƙasa da sa'a guda an kai ka. Aiguille du Midi mita 3,842 ne, masu wurin ma ba sa barin a hau da yaron da bai kai shekara uku ba. Namu na nan Jamus, Zugspitze, mita 2,962 ne, kuma taragon da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe yana ɗaga mutum kusan mita 2,000 cikin minti goma. Don mai karatu ya gane, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya, mita 2,419 ne kacal. Ciwon da ƙarancin iska ke kawowa kuwa yawanci daga mita 2,500 yake farawa. Babba zai ce kaina na sarawa, zuciyata na tashi. Yarinya mai shekara biyu ba ta da bakin faɗa. Sai dai ta yi ta rigima, ta ƙi nono, ta ƙi abinci, ko ta yi amai, uwa kuma ta ce ai gajiyar hanya ce ko haƙori.

Abin da ya fi damuna har na ɗauki alƙalami shi ne sikila. Takardun da ake raba wa 'yan yawon buɗe ido a waɗannan garuruwa ba don mu aka rubuta su ba, da wuya ka ga an ambaci amosanin jini a ciki, don ba ciwon mutanen nan ba ne. Mu kuwa a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai. Yaron da ke SS, wato mai ciwon sikila, abubuwa uku ne ke tayar masa da ciwo: ƙarancin iskar oksijin, da sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki. Dukansu ukun suna jiran sa a ƙolin tsauni a lokaci guda. Har mai AS, wanda a gida lafiyarsa lau, likitoci sun sha ganin saifarsa ta samu matsala idan ya hau bisa sosai cikin gaggawa. Alamarta ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Yara nawa ne a cikinmu aka taɓa yi wa wannan gwaji tun suna goye? Da yawa sai an zo aure ake sanin rukunin jinin mutum. Don Allah, kafin a biya kuɗin biza, a kai yaro a gwada, uwa da uba ma su san nasu, sannan a gaya wa likita tsayin inda za a je da lamba, ba kawai a ce masa "za mu Turai" ba.

Ba cewa nake yi a fasa tafiya ba. Ni da kaina na kai nawa yaran tun suna tatata, kuma har yau ban ga abin da ke faranta musu rai kamar wurin ba. Amma daɗin a gindin tsauni yake. A zaɓi gari ɗaya a zauna, a bar tsalle daga ƙasa zuwa ƙasa da akwatuna da keken yaro. Garmisch tana kan kimanin mita 700, Zell am See ta Ostiriya ma wajen haka, Lauterbrunnen ta Suwizalan wajen 800, duk ba su kai tudun Jos ba. Wanda ke son ƙauyen da babu hayaniyar motoci ya hau Wengen da ke saman Lauterbrunnen, mita 1,274. A tafkin Eibsee, ƙarƙashin Zugspitze, akwai hanya mai kewaye ruwan kimanin kilomita 7, keken yaro na bi. Ɗana ƙarami bai taɓa ɗaga kai ya kalli ƙolin tsaunin ba. Tsugunawa yake yi a bakin ruwa, wandonsa ya jiƙe har gwiwa, yana zaɓen tsakuwa ɗaya bayan ɗaya yana jefawa, in agwagwa ta matso ya ruga ya riƙe zanina. A jiragen ƙasa na Jamus da Ostiriya da Suwizalan yaron da bai kai shekara shida ba kyauta yake shiga. Idan uba ya matsu sai ya taka dusar ƙanƙara, ya hau shi kaɗai da safe ya dawo, gobe uwa ta hau shi ya riƙe yaro. A tsara fita ɗaya tak a yini, da hantsi, domin a watannin zafi hadari da tsawa sun fi tasowa bayan azahar, wanda dama lokacin barcin yaro ne.

Sanyi kuma yaudara gare shi. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, sai a bar otal da 'yar shimi a tarar da hunturu a sama. Babba yana tafiya yana gumi, yaron da ke zaune cikin jakar goyo ta Turawa mai ƙarfe ba ya motsi, ƙafafunsa na reto a iska. A nan goyonmu na zani da majanyi ya fi, domin ɗumin bayan uwa na ratsa shi. Aibinsa ɗaya, ba ki ganin fuskarsa. Ki riƙa tsayawa kina kai hannu ki taɓa tafin ƙafarsa da bayan wuyansa, ko maigida ya riƙa bin bayanki yana dubawa. A taragon igiya ki ba shi nono ko ruwa ya riƙa haɗiya, saboda toshewar kunne. Kada kuma a ce baƙar fata ba ta jin rana. Ƙarfin hasken da ke ƙona fata na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, dusar ƙanƙara kuma na maido da shi cikin ido. Hula mai baki da man kariyar rana dole ne. Da yamma a tuɓe yaro a duba bayan kunne da hammata da matsematsi, domin kaskar cikin ciyawar nan tana ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa.

Shanunsu masu ƙararrawa a wuya suna jan hankalin yara ƙwarai, hanyoyin tafiya kuma ta tsakiyar makiyaya suke ratsawa. Mu da muka tashi muna ganin garken Fulani mun san saniya mai ɗan maraƙi ba abokiyar wasa ba ce. A 2014 shanu sun tattake wata Bajamushiya har lahira a yankin Tirol na Ostiriya. A ɗauki yaro a hannu a kewaye daga nesa, kuma kada a bari ya kama siririyar wayar shinge, lantarki gare ta.

Batun abinci, a riƙa tambaya. Cukun da suke narkawa a tukunya a Suwizalan da giya ake haɗa shi, dunƙulen burodin Tirol kuma sau da yawa akwai naman alade a ciki. Interlaken ta Suwizalan da Zell am See suna da gidajen abincin halal saboda Larabawa na yawan zuwa, amma mai ƙaramin yaro gara ya kama masauki mai kicin, ya dama kununsa da kansa. Lambar neman agaji 112 ce a duk ƙasashen nan.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka gayyato likitan jini ya yi wa masu karatu cikakken bayani a kan sikila da hawa bisa, da jirgin sama da tsauni duka. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na gida kuma su sa tambayar shekarun yaro da rukunin jininsa (AA, AS ko SS) cikin takardar da suke ba iyaye su cike, kafin su sayar musu da tikitin ƙolin tsauni.

Wassalam.

Taku,
Wata uwa mai karanta jaridarku,
Miyunik, Jamus