Wasiƙa zuwa ga aminina kan neman tallafin kayan koyarwa

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Daftarin takardar neman tallafin haɗa bidiyoyin koyarwa da kake son miƙa wa jami'arku ya iso, na karanta shi sau biyu. Tunda ka ce kada in ɓoye maka komai, to ga gaskiya: ya fi kama da jerin sayayya. Shafi biyu sun tafi a kan kamara da fitilu da kwamfuta, darasin kansa kuwa layi huɗu ya samu. Kwamitin da ke raba irin wannan tallafi tambaya ɗaya ce a ransa: in wani malami da bai taɓa ganinka ba ya ɗauki abin nan bayan shekara biyar, zai iya koyarwa da shi ba tare da ya neme ka a waya ba? Duk sakin layin da bai taimaka wajen amsa wannan ba, ka cire shi.

Ka buɗe da matsala guda, mai suna. Kada ka ce "ɗalibai na shan wahala". Ka faɗi maudu'in da suke tuntuɓe a kai, ka kawo hujja daga sakamakon jarrabawar sashenku, misali tambayar da aka fi faɗuwa a shekaru biyu ko uku da suka wuce. Sai ka lissafa kwasa-kwasan da ke koyar da wannan maudu'i, da yawan ɗaliban kowanne. Ka haɗa da wasiƙar shugaban sashe, amma wadda ta fi ta nauyi ita ce ta malami daga wata tsangaya da zai rubuta cewa zai yi amfani da kayan a ajinsa. Wannan takarda ɗaya ta fi shafi uku na alkawari.

Yanzu tsarin kayan, wanda nan ne aikin yake. Ka manta da ɗaukar lacca ta awa guda. Ka yanka darasin gunduwa-gunduwa, kowane guntu da manufa ɗaya, minti biyar zuwa shida. A 2014 an yi nazarin yadda ake kallon bidiyoyin edX, wani dandalin kwasa-kwasai ta intanet, aka ga hankalin masu kallo yana raguwa sosai da zarar bidiyo ya haura minti shida. Ban da haka, guntu shi ke tafiya. Malamin wani fanni zai ɗauki minti biyar ya saka a tsakiyar darasinsa, amma ba zai ɗauki awa guda ta wani ba.

Abin da ke kashe irin waɗannan kaya ƙanana ne, kuma yawanci a baki suke. "Kamar yadda muka gani makon jiya." "Wannan zai fito a jarrabawa." Lambar kwas a kusurwar allo, ko shekarar karatu, ko lambar shafin littafin da za a sake bugawa baɗi. Kowanne daga cikinsu yana ɗaure bidiyon da aji ɗaya. Ka rubuta abin da za ka faɗa tun kafin ɗauka, ka tsefe waɗannan duka, ka mayar da su takardar jagorar malami, inda gyara ba ya cin minti biyu. Haka alƙaluman da ke canzawa duk shekara: su zauna a fayil dabam, kada a liƙa su cikin hoton bidiyon.

Ka ajiye murya dabam, hoto dabam, rubutun ƙasan allo dabam a fayil ɗin SRT ko VTT, nau'o'in fayil da aka tanada don wannan rubutu. Da haka mai son fassara zai sauya murya kawai, kurma kuma zai karanta. Ka yi alkawari a takardar cewa za ka miƙa wa ɗakin karatu ainihin fayilolin aiki, ba bidiyon da aka kammala kaɗai ba, domin wanda ba shi da su ba zai iya gyara ko harafi ɗaya ba. Game da nau'in fayil, ka tuna abin da ya sami Flash, manhajar da a da ake kunna hotuna masu motsi da ita a intanet. Kamfanin Adobe ya daina tallafa masa a ƙarshen 2020, darussa masu motsi da aka kashe wa kuɗi da shekaru suka daina buɗuwa. Ka tsaya a MP4 don bidiyo, manhajar H5P don tambayoyi da atisaye, tunda tana shiga Moodle, dandalin koyarwa ta intanet, kai tsaye. In jami'arku wani dandali take amfani da shi, ka tambayi masu kula da shi ko yana karɓar kunshin SCORM, wato tsarin haɗa darasi yadda zai yi aiki a dandali daban-daban, ka rubuta amsarsu a takardar.

Kamarar da ka sa a kasafi ta yi tsada. Ɗalibi yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma murya mai amsa-kuwwa tana korarsa nan take. Makirfo na maƙalawa a wuyan riga, kamar taƙi ɗaya daga baki, da ɗaki mai labule da kafet, a kashe fanka, sun fi kamara mai tsada amfani. Ka kuma yi lissafin nauyi: bidiyon minti 10 a kan megabit 2 a daƙiƙa yana kai megabait 150, sautinsa kaɗai a kilobit 64 bai kai megabait 5 ba. Don haka kowane guntu ya fita kashi uku, bidiyo da sauti da rubutu, saboda ɗalibin da intanet ɗinsa ba ta da ƙarfi.

Mafi yawan kuɗin lokacin mutane zai ci: rubutawa, tacewa, zane, rubutun ƙasan allo, da duba kurakurai. Kada ka yi hasashe. Ka haɗa guntu ɗaya da wayarka, da manhajar tace sauti ta Audacity da ta ɗaukar bidiyo ta OBS Studio waɗanda kyauta ne, ka ƙirga awannin da ya ci tun daga rubutu har zuwa ɗorawa, ka ninka da yawan guntayen, ka ƙara wani abu don sake ɗauka. Riba biyu ke nan: kasafinka ya tsaya a kan awo, kwamiti kuma ya ga samfuri da idonsa. In asusun tallafin ya yarda, ka nemi a rage maka awannin aji na zango ɗaya. Ka karanta ƙa'idojin da kyau, domin wasu asusun ba sa biyan kayan aiki, wasu kuma ba sa biyan alawus ɗin ma'aikaci. Guntu 12 da aka gama sun fi 40 da ke kan takarda.

Sai haƙƙin mallaka, wanda ban ga ko ambatonsa a daftarinka ba. A jami'o'i da yawa abin da ma'aikaci ya haɗa da kuɗin jami'a nata ne, don haka ka nemi a rubuta wane ne mai shi da kuma lasisin da za a sake shi a kai. Lasisin CC BY na ƙungiyar Creative Commons yana ba kowa damar gyarawa da rabawa muddin ya ambaci sunanka. Wanda ke da alamar ND kuwa yana hana raba abin da aka gyara, ya rushe manufar gaba ɗaya. Shawarar da UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta zartar a 2019 kan buɗaɗɗun kayan ilimi za ta ƙarfafa hujjarka a nan. Kowane hoto, taswira ko kiɗa da ba kai ka yi ba, ka shigar da shi jadawali: daga ina, na wa, wane lasisi. Hoto ɗaya da aka kwafo daga littafi ya isa ya hana sakin bidiyon duka. Duk ɗalibin da fuskarsa ko muryarsa za ta fito, ya sa hannu a takardar amincewa kafin a kunna kamara.

Ka rufe takardar da yadda za a auna nasara: tambayoyi iri ɗaya kafin kallo da bayan kallo, da yawan kwasa-kwasan da suka ɗauki kayan. Ka kuma faɗi wanda zai duba su duk shekara in ka tafi hutun bincike ko ka canza wurin aiki.

Ka gyara ka turo min kafin mako biyu, tare da samfurin. Ina so in ji sautin da kunnena. A gaida mutan gida, a shafa min kan yara.

Naka amini.