Wasiƙa zuwa ga 'yata kan littafin alƙawari da take haɗa wa yara

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Na duba daftarin littafin hotunan da kika aiko, na uwar da za ta yi tafiya ta yi wa ɗanta alƙawarin dawowa. Na ji daɗinsa ƙwarai, amma akwai gyara kafin ki kai shi maɗaba'a.

Alƙawarin ya yi wa yaro nisa. Kin sa uwar ta ce za ta dawo mako mai zuwa, alhali ɗan shekara uku ko huɗu bai san mako ba. Kwana ya sani, da kiran salla. Ta ce masa kwana uku, ta zuba tsakuwa uku a ƙoƙo, kullum da safe kaka ta miƙa masa ya cire ɗaya. Ƙoƙon nan ya riƙa fitowa a gefen kowane hoto, har yaron da ake karanta wa ya riga mai karatu nuna shi da yatsa. Ranar da ƙoƙo ya zama wayam, a juya shafi a ga uwa a bakin zaure da ƙunshin tsaraba. Kada ki ƙara mata ko rabin yini don labari ya yi armashi.

Kada kuma ta sulale. Ki zana sallamar: ta durƙusa, ta dube shi ido cikin ido, ya yi kukansa, ta tafi yana kallo. Kowa ya san dabarar "je ka ɗauko takalminka". Yaro ya dawo da gudu da takalmi a hannu, ya tarar babu kowa. Daga ranar yake kama bakin zanen uwa ko banɗaki za ta shiga, domin maganarta ta daina zama abin dogaro. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi bin Amir ta kira shi za ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) ya tambaye ta mene ne, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Wannan ki ajiye shi a shafin ƙarshe don iyaye. Cikin labarin kuwa babu wa'azi, hoto ya isa.

Sai aikin hannu. Littafin irin wannan shafi 32 ake yi. Ki ninke takarda takwas gida biyu, ki sami gwaji mai shafi 32, ki zana komai da fensir tukuna. Sunan littafi da bayanan bugu za su ci shafi uku ko huɗu, ya rage miki buɗi 14 na labari (buɗi ɗaya shi ne shafi biyu masu kallon juna). Kalmomi kada su wuce 400, kuma abin da hoto ya nuna kada rubutu ya maimaita. Kada fuska ta faɗo tsakiyar buɗi, wurin ɗinki zai cinye ta.

Hotuna su kai dpi 300 (ma'aunin kaifin hoto), a tsarin launi na CMYK da injin bugu ke aiki da shi. In kika bar su a RGB na fuskar kwamfuta, shuɗi da kore za su fito a dushe. Ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Takardar ciki ta kai giram 150 a ma'aunin nauyin takarda, in ba haka ba hoton baya zai riƙa leƙowa. Babbar matsalar bugun Hausa ita ce ƙ da ɗ da ɓ: in nau'in harafin mai bugu ba ya da su, sai su koma akwatuna ko su ɓace, "ɗa" ya zama "a". Ki miƙa aikin a PDF da harafinki a ciki, ki karɓi kwafin gwaji ki karanta da kanki kafin a kunna inji.

Kafin duk wannan, ki karanta gwajin ga yara uku waɗanda ba naki ba. Shafin da suka waiga suna kallon wani wuri, shi za ki sake.

A shafa min kan yara.

Mahaifinki