Diclofenac Ba Maganin Gajiya Ba Ne, Yana Taɓa Zuciya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin jama'a kan diclofenac, ƙwayar rage ciwo da 'yan dako, manoma da tsofaffi masu ciwon gwiwa suka mayar abokiyar kwana. Yawancin mutane illarsa ga olsa kawai suka sani. Wadda ta fi damuna ita ce ta zuciya.

Maganin yana rage wani sinadari da jijiyoyi ke fitarwa don hana jini daskarewa, sai gudan jini ya samu damar toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya. Yana kuma sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Daga nan jini ya hau, ƙafa ta kumbura, magungunan hawan jini irin su lisinopril su rage aiki. Wani babban bincike da aka wallafa daga ƙasar Denmark a 2018 ya nuna cewa cikin kwana 30 na farkon shansa, haɗarin manyan matsalolin zuciya, har da rikicewar bugawarta, ya ƙaru da kusan kashi 50 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su sha ba. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba wa mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, a 2015 kuma Ingila ta hana sayar da ƙwayar sai da takardar likita.

A nan gida fa? Babba bai kamata ya wuce miligiram 150 a rana ba, amma sai a yi wa mutum allurar miligiram 75 da safe, a ƙulla masa haɗi a leda mai ɗauke da diclofenac, ibuprofen da piroxicam. Duk ukun dangi ɗaya ne. Haɗa su illa yake ƙarawa, ba sauƙi ba, musamman a lokacin zafi ko azumi da ruwan jiki ya yi ƙasa.

Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda ko mai shan taba ya tuntuɓi likita kafin ya sha. Don ciwon jiki na yau da kullum a fara da farasitamol, giram 1 duk awa 6, kada a wuce giram 4 a rana. Idan gwiwa ce, diclofenac na shafawa ya fi, domin kaɗan ne ke shiga jini.

Wanda ya ji nauyi a ƙirji yana tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa da haki, kada ya ce olsa ce ta tashi. Haka wanda zuciyarsa ke tsalle. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya: daidai shi ne 60 zuwa 100, bi da bi. In tana tsallake ko gudu, a dakatar da maganin, a tafi asibiti nan take da kwalinsa, a nemi gwajin ECG, wato na'urar duba bugun zuciya.

Ina kira ga NAFDAC da Majalisar Masu Harhaɗa Magunguna su sa ido kan haɗin leda da masu talla a tasha, masu kemis kuma su riƙa tambayar "kana da hawan jini?" kafin su miƙa.

Wassalam.

Wani mai harhaɗa magunguna, Kano