Wasiƙa zuwa ga amini kan haɗa karatun aji da na intanet

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Wasiƙarka ta iso, na kuma karanta bayaninka game da shirin makarantarku na haɗa karatun aji da na intanet, da umarnin da aka ba ku cewa kowane malami ya raba ɗalibansa gida huɗu, wato masu koyo da ido, da masu koyo da kunne, da masu koyo ta karatu da rubutu, da masu koyo da hannu, sannan ya shirya wa kowane rukuni darasi irin nasa. Ka ce aikin ya fi ƙarfinka tun ba a fara ba, kuma ban ga laifinka ba. A ganina wannan tsari na haɗi yana iya ɗaukar bambancin da ke tsakanin ɗalibai fiye da yadda aji shi kaɗai zai iya, amma ba ta hanyar liƙa wa kowane yaro lamba a goshi ba.

Rabon nan na gida huɗu ya fito ne daga wani malami ɗan ƙasar Niyu Zilan, Neil Fleming, wanda ya tsara takardar tambayoyin da ake kira VARK a shekarar 1987. Irinta suna da yawa, domin a 2004 Frank Coffield da abokan aikinsa a Birtaniya sun ƙirga tsare-tsaren salon koyo har 71. A 2008 kuma wasu masana halayyar ɗan Adam huɗu a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Harold Pashler, suka bi diddigin binciken da aka yi, suna neman amsar tambaya guda: idan aka koyar da ɗalibi ta hanyar da aka ce ita ce salonsa, shin yana fin wanda aka koyar ta wata hanya dabam ƙoƙari a jarrabawa iri ɗaya? Sun tarar cewa binciken da aka tsara yadda zai iya amsa wannan tambaya kaɗan ne, kuma a cikin kaɗan ɗin akwai waɗanda suka nuna akasin haka. Babu musun cewa kowa yana da hanyar da ransa ya fi kwanciya da ita, sai dai abin da ɗalibi ya fi so dabam, abin da ke zama a ƙwaƙwalwarsa dabam.

Akwai wani gwaji da nake yawan tunawa a kan wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani rubutu, wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma aka ɗauke takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan mintuna biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda masu gwada tunawa sun wuce su nesa, duk da cewa masu maimaitawar sun fi amincewa da kansu. To, ka ga da ɗalibi za a bari ya zaɓa, da ya ɗauki hanyar da ta fi sauƙi, ba wadda ta fi amfani ba.

Abin da na gamsu da shi shi ne darasi ne yake zaɓar hanyar da za a koyar da shi. A darasin taswira gani ya kori ji ga kowa da kowa, furucin baƙon harshe kuwa sai an saurara, haɗa wayoyin lantarki a ɗakin gwaji kuma sai an sa hannu. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya shafe shekaru yana nuna cewa bayani da hoto idan suka haɗu sun fi bayani shi kaɗai, kuma zane da muryar malami a kansa ya fi zanen da aka cika shi da rubutu ana kuma karanta rubutun da baki. Saboda haka ba darasi huɗu za ka shirya ba. Darasi ɗaya ne mai ƙofofi da yawa, kuma kowane ɗalibi ya kamata ya bi ta fiye da ƙofa ɗaya.

Bambancin da ya fi damun malami a aji, kai ma ka sani, ba na ido da kunne ba ne. Wani yana kama abu da bayani ɗaya, wani sai an maimaita masa sau uku. Wani ya zo da tushe mai ƙarfi daga ajin baya, wani kuwa akwai giɓin da ba wanda ya lura da shi. Akwai yarinyar da ta san amsa amma kunya ba za ta bari ta ɗaga hannu ba, ga mai raunin ji, ga mai raunin gani, ga wanda harshen koyarwa ba shi ne harshen gidansu ba. A nan ne ɓangaren intanet yake da rana. Bidiyo ana tsayar da shi, a mayar da shi baya ba tare da kowa ya ga gazawar yaro ba, rubutun da ke ƙasansa yana taimakon mai raunin ji da mai koyon harshe, kwamfuta tana ƙara girman haruffa ko ta karanta su da murya, mai kunya kuma takan rubuta tambayar da ba za ta taɓa furtawa a gaban aji ba. Jonathan Bergmann da Aaron Sams, malaman kimiyyar sinadarai a wata sakandare a jihar Kolorado, sun fara naɗar darussansu a 2007 domin ɗaliban da suka rasa aji, daga baya suka mayar da bayani ya zama aikin gida, lokacin aji kuma ya koma na warware matsaloli tare da malami. Ka dai gajarta bidiyon, domin wani bincike da aka yi a 2014 kan bidiyoyin edX, wani dandalin karatu ta intanet, ya nuna cewa hankalin masu kallo yakan fara gushewa bayan kamar minti 6.

Bari in ba ka misali da darasin lissafi. Ka tura bidiyon yadda ake tara ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu, tare da tambayoyi biyar da na'ura za ta duba da kanta. Da safe kafin ka shiga aji ka riga ka san su wane ne suka rubuta 7/12, su wane ne kuma suka tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, suka sami 2/7. Waɗannan na biyun ka zauna da su a tebur ɗaya, a ninke takarda gida goma sha biyu, su ƙirga huɗu, su ƙirga uku, su ga da idonsu inda bakwai ta fito. Waɗanda suka gane su ci gaba da tambayoyi masu wuya a kwamfuta, rukuni na uku kuma su yi aiki bibbiyu, wani yana yi wa wani bayani, bayan wani lokaci a sauya wuri. Rukunin yau ba shi ne na gobe ba, domin kuskuren da yaro ya yi ne ya kai shi teburin, ba wani suna da aka laƙaba masa ba.

Ba zan ɓoye maka inda tsarin yake da rauni ba. Nazarin da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta fitar a 2009 ya nuna cewa ɗaliban tsarin haɗi sun ɗan fi na aji zalla, amma marubutan da kansu sun ja hankali cewa sau da yawa waɗancan ɗaliban sun sami ƙarin lokaci da ƙarin kayan karatu, kuma yawancin binciken a kan manyan ɗalibai aka yi shi. Ban da haka, 'yancin tafiya da saurin kai ya fi amfanar wanda ya iya tsara lokacinsa, shi kuwa wanda bai iya ba yakan tara bidiyoyi bai kalla ba har jarrabawa ta ƙarato. Rufe makarantu da aka yi a 2020 ya nuna wa duniya wannan a fili, ya kuma nuna halin yaron da ba shi da na'ura ko intanet a gida. Don haka ka sanya wa'adi gajere, ka tanadi darasin yadda za a iya sauke shi ko a buga shi a takarda, ka kuma ware wuri a aji inda wanda bai kalla ba zai kalla kafin ya shiga rukuni.

Shawarata ita ce ka fara da babi ɗaya kawai a wannan zangon, ka ajiye sakamakon ƙananan tambayoyin, sannan ka kai wa shugaban makaranta su a maimakon jerin masu ido da masu kunne. Idan ka gama babin, ka rubuto mini irin kurakuran da suka fi yawa, mu duba tare yadda za a tsara na biyu.

Ka gaishe mini da iyali da abokan aikinka.

Wassalam,
Naka amini