Wasiƙa Daga Kano Bayan Makonni Shida Na Jinyar Mafitsara

Kano, daren Laraba.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara da sauran 'yan'uwa na Zangon Kumasi, ina ba ka haƙuri bisa shirun da na yi maka tun bayan Babbar Sallah. Saƙonninka duk sun iso, kuma labarin da ka ji a bakin fatake gaskiya ne: likitoci sun sami ciwon daji a mafitsarata. Na ƙi faɗa maka ta waya domin na san halinka, da zarar ka ji kalmar kansa za ka rufe shago ka nemi motar Kano, alhali abin bai kai nan ba. Yanzu da na kammala zangon farko na magani, hankalina ya kwanta yadda zan iya zama in rubuta maka komai daki-daki.

Abin ya fara ne wata asuba da na ga fitsarina ya yi ja kamar ruwan zoɓo, ba zafi, ba raɗaɗi. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne tsargiya, domin ba ka manta da wankan da muke yi a kogin Wudil muna yara ba, lokacin da fitsarin jini yake abin alfahari a tsakaninmu, har muna ɗaukarsa alamar mutum ya fara zama namiji. Na aika aka sayo mini maganin tsargiya a kemis na sha, jinin ya ɗauke, na ce shi ke nan. Bayan wata biyu ya dawo. Daga baya likitan mafitsara ya gaya mini cewa haka wannan ciwo yake yaudarar mutane, jini ya zo ya tafi da kansa ba tare da ciwo ba, mutum ya yaba wa maganin da ya sha alhali ƙarin yana nan yana girma. Aka zura siririyar na'ura mai kyamara aka leƙa ciki, aka ga wani ɗan tsiro yana kaɗawa kamar ciyawar ruwa, sannan aka sa mini ranar tiyata aka kankare shi ta hanyar fitsari, ba tare da an tsaga cikina ba.

Sakamakon ɗakin gwaji shi ya raba gardama. Likita ya bayyana mini cewa tsargiyar da ta daɗe a jiki takan jawo wani nau'in kansar mafitsara na daban, wanda yawanci ba a gano shi sai ya yi nisa, amma nawa irin wanda ke tsirowa ne daga shimfiɗar cikin mafitsara, kuma babban abin da ke haddasa shi taba sigari ce, wadda ake danganta kusan rabin masu wannan ciwo da ita. Na yi shiru ina tuna shekaru ashirin da wani abu da na yi ina zuƙa kafin in bari. Alhamdu lillahi, ƙarin bai kai ga tsokar bangon mafitsara ba, sai dai irin mai saurin dawowa ne, saboda haka kankarewa kaɗai ba ta isa ba, sai an bi ta da magani.

Ka ɗaga hannun rigarka ka dubi dantsenka na hagu, watakila kana da ɗan tabon nan na allurar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai. To, wannan allurar ta BCG ita ce maganina. Da likita ya faɗa na zaci ban ji daidai ba. Ƙwayar cutar tarin shanu ce mai rai, wadda wasu masana biyu na Faransa, Calmette da Guérin, suka shafe shekaru goma sha uku suna raunana ta har aka fara ba ɗan Adam a 1921, kuma sunayensu ne haruffan nan biyu na ƙarshe. A 1976 wani likita a Kanada mai suna Alvaro Morales ya wallafa sakamakon zuba ta a mafitsarar masu kansa. Ita ƙwayar ba ta kashe kansa da kanta. Idan aka zuba ta sai ta manne a shimfiɗar mafitsara, garkuwar jiki ta ga baƙo ta yi gangami ta auka wa wurin, kuma a cikin wannan yaƙin ne take haɗawa da ƙwayoyin kansar da suka rage ta cinye su. Na ce wa likita ashe dai gayyar faɗa za a yi mini a ciki, ya yi dariya ya ce ƙwarai kuwa, kuma a gidana za a yi faɗan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne asalin ƙa'idar zubawa sau ɗaya a mako har makonni shida da duniya ke bi har yau: maganin da Morales ya samu yana zuwa ne kwalba shida a kwali ɗaya.

Kowace Talata nake zuwa. Tun da safe nake rage shan ruwa, ba shayi ba koko, domin kada fitsari ya taru ya tsinka maganin. Sai an fara duba fitsarina, idan akwai jini a fili ko alamar wata cuta a ɗaga zuwa wani mako, domin in ƙwayar ta sami kafa ta shiga jini tana iya zama babbar masifa. Daga nan in kwanta, ma'aikacin jinya ya zura siririyar robar fitsari, ya zuba ruwan da bai wuce mililita 50 ba, ya zare robar. Duk wannan bai kai minti goma ba, kuma zafinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da kunyarsa. Mutum mai jikoki ya kwance wando a gaban yaron da bai kai ɗansa na fari ba, ai ka san akwai nauyi. A makon farko idona a rufe yake har aka gama, zuwa mako na uku kuwa har hirar ƙwallo muke yi da shi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aiki na gaske shi ne riƙe ruwan awa biyu ba tare da fitsari ba. Ina kwance ina juyawa, rigingine, dama, hagu, rub-da-ciki, carbi a hannu, idona a kan agogon bango. Awa ta farko ba komai ba ce, amma rabin awa na ƙarshe, musamman daga mako na huɗu da mafitsarar ta riga ta yi fushi, ji nake kamar agogon ya tsaya.

Da na koma gida akwai ƙa'idar awa shida. Tunda ƙwayar mai rai ce, an ware mini bayan gida ni kaɗai a ranar, jikoki ba sa shiga, kuma duk lokacin da na yi fitsari sai in zuba Hypo, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, in bar shi kamar minti goma sha biyar kafin in kora, in wanke hannu da jiki da sabulu. Takardar da suka ba ni ta ce namiji ya zauna kada ya yi fitsari a tsaye saboda fantsama, na ce wannan kam tun muna makarantar allo aka gama koya mana. Daga nan sai shan ruwa babu ƙaƙƙautawa domin a wanke mafitsarar. Uwargida ta ajiye mini tulu na musamman a ɗaki, ita ce kuma mai ƙirga kofunan, ba ta yarda da rantsuwata.

Wahalar takan sauka da la'asar. Fitsari ya riƙa ƙuna kamar an zuba barkono, ya matsa mini kowane minti ashirin amma in na je ɗigo kaɗan ne, wani lokaci da ɗan jini, sannan kasala da ciwon gaɓoɓi da ɗumin jiki irin na mai mura su biyo baya. Laraba a kwance nake wuni, Alhamis in fara jin dama, Juma'a in je masallaci kamar ba ni ba. Da na gane cewa abin yana da jadawali, sai na daina tsorata da shi, na shirya harkokina a kan haka, ba na karɓar gayyar ɗaurin aure ko zaman sulhu daga Talata zuwa Alhamis. Abin da ban shirya masa ba shi ne yadda kowane mako yake fin na baya nauyi.

Daren mako na huɗu shi ne wanda ba zan manta ba. Na farka ina rawar ɗari, ma'aunin zafi ya nuna 38.7, kuma ɗana ya riga ya ɗauko makullin mota zai je kemis sayo maganin maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta, kamar yadda muka saba yi wa kowane zazzaɓi a ƙasar nan. Na hana shi, domin an ja mini kunne a kan abu biyu. Na farko, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su sifro da ake sha kamar gyaɗa, suna kashe BCG ɗin kanta su ɓata aikin. Na biyu, zazzaɓin da ya haura 38.5 ya ƙi sauka har kwana biyu, ko ya zo da galabaita da wahalar numfashi, yana iya nufin ƙwayar ta bazu a jiki, kuma maganin wannan shi ne magungunan tarin fuka na tsawon watanni. Muka kira likita, ya ce in sha farasitamol in zo da safe. Aka gwada jini ba maleriya, zazzaɓin ya sauka kafin azahar, amma aka ɗaga mini zubawa ta biyar da mako guda. Tun ranar nake yawo da 'yar takarda a aljihu mai cewa ina karɓar BCG, saboda ko na faɗi a hannun likitan da bai san ni ba.

Sallah ta dame ni ƙwarai a farko, domin a ranakun nan alwala ba ta daɗewa, kuma wani lokaci ɗigo yakan kufce. Limaminmu ya tuna mini abin da muka karanta a Risala game da mai yoyon fitsari, cewa an so ya sake alwala ga kowace sallah, ya ce in yi a gida in na kasa fita, kada in ɗora wa kaina abin da Allah bai ɗora mini ba. Masu dubiya kuwa kowa da maganinsa a leda, wannan sassaƙe, wancan garin ganye, wani kuma lambar wayar mai magani a wani ƙauye. Ina karɓa in gode domin ƙauna ce ta kawo su, amma ban da zuma ba abin da nake kai wa baki sai likita ya gani. Waɗanda suka fi yi mini amfani su ne masu zuwa su zauna mu yi hirar duniya, kuma ba sa nuna sun lura in na tashi sau huɗu a cikin hirar.

Samun maganin ma wani yaƙi ne. Ya yi ƙaranci a duniya tun da wata babbar masana'antarsa a Kanada ta dakatar da aiki a 2012, kuma mu a nan wanda ake yi a Indiya muka samu, mu muka nemo da kuɗinmu. Dole ya zauna a sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 8 ba, ka kuwa san halin wutar lantarkinmu. Ɗana ne ke ɗauko kwalbar a 'yar kula da ƙanƙara, yana riƙe da ita a cinya kamar jariri. Filin nan na gado da ke hanyar ƙauye na sayar da rabinsa, kuma ban yi nadama ba.

Nan da makonni biyar za a sake leƙa mafitsarar. Idan ta fito tas, za a ci gaba da zubawa sau uku-uku, a wata na uku da na shida, sannan duk bayan wata shida, har shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon yadda jikina ya jure, kuma na roƙi likita ya duba kalanda kada wani zango ya faɗo cikin azumi, tunda ba shi yiwuwa sai da shan ruwa. Idan kuma ƙarin ya dawo, ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa akwai yiwuwar maganar cire mafitsarar gaba ɗaya. Ba zan yi maka ƙarya ba, wannan jiran ya fi ƙunar fitsarin hana ni barci.

Akwai abin da nake so ka yi mini. A zuwanka na bara ka taɓa ce mini ka ga ɗan ja a fitsarinka sau ɗaya, muka yi dariya muka ce tsohuwar tsargiyar Wudil ce ta tuna da kai. Kogi ɗaya muka yi wanka, kwalin taba ɗaya muka riƙa rabawa. Ka je asibiti a cikin makon nan ka nemi likitan mafitsara, ka faɗa masa duka biyun, kuma kada ka yarda a sallame ka da ƙwayoyi ba tare da an duba ba. Zan jira ka rubuto mini abin da ya ce kafin ranar leƙawata.

Uwargida tana gaida Hajiya, yara kuma suna gaishe ka. Ka sa ni a addu'a, musamman a sujada. Goron da ka aiko ya iso, sai dai likita ya ce in bar shi tukuna domin yana tsokanar mafitsara, saboda haka maƙwabta ne suka ci arziki.

Wassalam,
Naka amini har kullum.