'Yata tana ƙirga ɗigo ta hanyarta, in bar ta ko in gyara mata?

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaisuwa, Allah Ya ƙara basira. Ina da 'ya a aji biyar na firamare, kuma wani aikin lissafi da aka ba su ne ya sa na rubuto.

An zana musu ɗigo-ɗigo a siffa huɗu: ta farko ɗigo 1, ta biyu 4, ta uku 9, ta huɗu 16. Aka ce su faɗi ɗigo nawa za a samu a siffa ta 10. Ni da na duba na ga kowace siffa murabba'i ce, tsawonta da faɗinta ɗaya, sai na ce mata 10 sau 10, 100 ke nan, a wuce wurin. Ta ce ita ba haka ta gani ba. Wai kowace siffa ta baya ce aka yi wa ƙarin layi a gefe biyu, ya lanƙwaso ta kusurwa: a kan 1 an ƙara 3, sai 5, sai 7. Ta zauna ta jera lambobin mara daga 1 har 19, ta tara su, sai ga 100. Wallahi shiru na yi, don duk karatuna ba wanda ya taɓa nuna min cewa in ka tara lambobin mara a jere tun daga 1, murabba'i kake samu.

To amma hanyar tata tana cin lokaci. In aka ce siffa ta 50, yaushe za ta gama tarawa ta kai 2500 a ɗakin jarrabawa? In kuma na matsa mata ta haddace "lamba sau kanta", ina tsoron kashe mata wannan idon.

Da mako ya zagayo aka ba su ɗigon alwatika: 1, 3, 6, 10. Tana ganin 1 da 3 ta ɗauka lambobin maranta ne suka dawo, ta rubuta 5 a matsayin lamba ta gaba, ta yi kuskure. Alhali a nan ƙarin 2, 3, 4 ne. Daga baya ni kaina na lura 3 da 6 suna ba da 9, 6 da 10 suna ba da 16, wato alwatika biyu maƙwabta suna haɗa murabba'i. Ban nuna mata ba tukuna, kada in ƙara ruɗa ta.

Malam, me zan fara koya mata ta duba in ta ga jerin ɗigo, siffar ko tazarar da ke tsakanin lambobin? Kuma in nuna mata maganar alwatikan yanzu, ko in jira malamarsu ta kai wurin?

Na gode,
Mahaifiyar ɗaliba