Ƙaramin Layin Dogo Daga Daura Zuwa Katsina a Kan Teburi: Inda Aiki Ya Kai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu sanar da 'yan'uwa masu sha'awar haɗa ƙaramin jirgin ƙasa inda aikinmu ya kai a nan Katsina, da abin da ya kamata mai niyyar farawa ya sani kafin ya kashe ko sisi. Kusan duk bayanin da ake samu kan wannan aiki daga Ingila da Amurka da Jamus yake fitowa, ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba, wutarsu kuma ba ta cika ɗaukewa ba. Wanda ya bi bayaninsu ido rufe, teburinsa zai yi kyau a watannin farko, amma kafin shekara ta zagayo jirgin zai fara tsayawa a hanya.

Abin da muke kwaikwaya shi ne wani yanki na sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil yake yi. Tsawonsa kusan kilomita 284 ne, zai bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Faɗin dogonsa milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna, wannan ne ma ya sa muka ɗauki awon HO, wato komai a raba shi gida 87. In ka raba 1,435 da 87 za ka samu milimita 16.5, shi ne kuma daidai faɗin dogon HO da ake sayarwa. Wanda yake son tsohon layin da ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya sani faɗin wancan milimita 1,067 ne, don haka dogo mai milimita 12 zai nema, shi kuma ya fi wuyar samu. A lura da kayan Ingila masu alamar OO: suna hawa dogo ɗaya da HO, amma jikinsu gida 76 aka raba, in an jera su tare sai tarago ɗaya ya fi ɗan'uwansa ƙato.

Tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne. A awon HO hakan ya haura mita 900, ba ɗakin da zai ɗauka. Sai aka zaɓi tasha a kowane ƙarshe, gonaki da gada ɗaya a tsakiya. Zuwa yanzu an gama teburi da shimfiɗa dogo da haɗa waya, an zuba tsakuwa a ɓangaren Daura, ɓangaren Katsina kuwa gine-ginensa suna nan a kwali tukuna.

Teburin filawud ne mai kaurin milimita 12, a kan firam mai haƙarƙari duk bayan santimita 40, tsayinsa daga ƙasa kusan mita guda. Filawud ɗin kasuwa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma hannun mutum ba ya wuce santimita 75 in ya miƙa, saboda haka kada a jingina shi da bango, a bar hanya ta kowane gefe. Kwana kuma kada ta matse. Daga tsakiyar da'irar zuwa dogo, inci 18 shi ne mafi ƙanƙanta, kuma gajerun taragan kaya kawai yake ɗauka da daɗi. Dogayen taragan fasinja suna son inci 22 ko fiye, shi kuma da ƙyar yake shiga faɗin ƙafa 4, dogon yana kusa da baki, sai an kafa ɗan katanga don kada jirgi ya faɗo ƙasa. Hawa kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. In ya wuce, ƙafafun kan jirgin za su yi ta sulɓi.

Ga inda yanayinmu ya fi yin ɓarna, kuma nan muke so a tsaya a karanta a hankali. Ƙarfen dogon yana miƙewa da zafi: kowace mita tana ƙara kusan milimita 0.4 in zafi ya tashi da digiri 25, kuma tsakanin daren Janairu da ranar Afrilu a ɗaki mai rufin kwano ana samun hakan. Katako kuma ba ruwansa da zafi sosai, laima yake bi. Ya kumbura da damina, ya tsuke da rani. Lokacin da ya fi haɗari shi ne bazara, domin a lokacin katako ya gama tsukewa, ƙarfe kuma ya gama miƙewa. In babu inda dogon zai numfasa, sai ya lanƙwashe gefe kamar maciji, ya ɓalle daga 'yan gungumen robar da ke riƙe shi. Don haka lokacin da aka shimfiɗa dogo shi ke nuna irin tazarar da za a bari. Wanda ya shimfiɗa a Maris ko Afrilu zai iya kusan haɗe bakin dogon, tunda daga nan sai dai ya buɗe. Wanda ya shimfiɗa a Agusta ya sa katin ATM tsakanin bakin kowane gutsuren dogo da na gabansa a miƙaƙƙen wuri, kaurinsa kusan milimita 0.8 ne, sannan ya zare. A kwana kawai ake lika mahaɗi da dalma, don kada ta karye ta yi gwiwa. Kafin duk wannan, a shafe filawud ɗin da fenti ko banish sama da ƙasa da gefuna huɗu. In an shafa sama kaɗai, ƙasan ne zai riƙa shan laima, allon ya gantsare. Kafintan da ya kawo ɗanyen katako don firam, a mayar masa da abinsa.

Gara ta ƙafar teburi take hawowa. A shafa wa ƙafafun maganin gara, a ɗora su kan tayil ko ƙarfe, a riƙa leƙa ƙarƙashi. Sai dai a bar maganin ya bushe sarai kafin a kusanto da farin soson nan da ake samu cikin kwalin firji da talabijin, wanda ake yin tudu da shi, domin yana narkar da shi. Haka fentin feshi da gam mai wari irin na masu takalmi. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ne ba ya cinsa.

Wuta ta cikin dogon take bi ta shiga ƙafafun jirgi, volt 12 ce ga tsarin da muke amfani da shi. Taransifomar da ta zo da jirgi daga Amurka ta volt 120 ce, tamu kuwa 230, in aka soka ta kai tsaye ta ƙone ke nan, a duba rubutun jikinta. Cajar kwamfutar tafi-da-gidanka ma yawanci volt 19 take bayarwa, ta yi yawa. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne batir na volt 12 irin na sola ko na UPS, da 'yar na'urar rage gudun mota da masu kayan lantarki ke sayarwa. Kan jirgi na zamani bai cika jan fiye da rabin amfiya ba, ƙaramin batir ya ishe shi sa'o'i da dama, ba ruwanka da hawa da saukar wutar janareta. Amma batir ba shi da imani in wuta ta haɗu: tsabar kuɗi ko ƙusa ta faɗa kan dogo biyun, nan take waya ta yi ja, robar dogon ta narke. Dole a sa fiyus na amfiya 2 dab da batir, ko a ratsa wutar ta cikin ƙwan birki na mota mai wat 21, wanda zai kama ya shanye wutar, ya kuma nuna maka akwai matsala.

Kada a dogara da 'yan mahaɗan dogo su kai wuta. Suna saki, ƙura na shiga, sai a ga jirgi na gudu kusa da inda waya ta shiga, yana jan jiki a can nesa. A ja manyan wayoyi biyu masu milimita 1.5 a ƙarƙashin teburi, ja da baƙa, daga jikinsu a fito da siraran wayoyi zuwa kowane gutsuren dogo, a lika a bayan dogon, ba ta ciki inda leɓen ƙafa ke bi ba. Duk mai gyaran rediyo zai iya wannan. In layi ya zagaya ya dawo kan kansa ta fuskar da ya fito, dogon dama zai haɗu da na hagu, sai an yanke su biyun an raba wutar da makunni na daban.

Ƙurar hunturu kuwa maganinta rufi ne. Yadi mara gashi ko leda a kan firam mai sauƙi, a rufe duk lokacin da ba a aiki. Kafin a kunna, a goge saman dogo da tsumma mai ɗan sifirit, a goge ƙafafun kan jirgin su ma. Muna roƙo da babbar murya kada a sa samfefa, tana barin ƙananan zane da datti ke maƙalewa ciki. Soson ƙarfe na wanke tukunya ya fi ta muni, domin injin jirgin yana da maganaɗisu, zai zuƙe burbushin. Wajen saye a nemi dogo mai launin azurfa da ake kira nickel silver, na ƙarfe zalla yana tsatsa da damina, na tagulla kuma yana dusashewa ya hana wuta wucewa. Man da ake sa wa injin jirgin kuma ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa, wanda ya wuce haka tarkon ƙura ne. Duk wani rami ko ƙarƙashin gada a bar masa ƙofa ta baya, saboda zanzaro yana son gina ɗakinsa a irin wurin.

In tarago yana yawan sauka daga dogo a wuri ɗaya, laifin dogo ne. In tarago ɗaya ne ke sauka a ko'ina, a auna tsakanin bayan ƙafafunsa biyu, ya kamata ya zama kusan milimita 14.5, sannan a auna nauyinsa. Ƙa'idar ita ce giram 28, a ƙara giram 14 a kowane inci na tsawonsa, wato tarago mai inci 6 ya kai kusan giram 110. Noti ko wosha da aka manne a ƙasan cikinsa ya wadatar.

Tsakuwar dogo ba sai an sayo daga waje ba. Yashin rafi ake tankaɗewa sau biyu, a ɗauki mai girman kusan rabin milimita zuwa milimita guda, a wanke, a shanya, a bi shi da maganaɗisu a cire baƙin ƙarfen da ke ciki. A zuba a bushe, a daidaita da ƙaramin buroshi har 'yan gungumen su fito. A fesa ruwa mai ɗan sifirit ya jiƙa, sannan a ɗiga farin gam da aka haɗa rabi da rabi da ruwa da ɗigon sabulun ruwa, da sirinji. In ba a jiƙa ba tukuna, gam ɗin zai dunƙule a sama ya ture yashin. A bar shi kwana guda. Wajen mararraba, inda harshen dogo ke motsi, kada gam ko yashi ya kusanci wurin.

Ɓangaren da ya fi faranta mana rai shi ne ƙasar kanta. Kwalayen da ake sayarwa cike suke da koren ciyawa da gidajen Turai, alhali abin da fasinja zai gani ta taga tsakanin Daura da Mashi daban ne. Mun tsayar da lokacin a bayan girbi, kuma wanda ya tsayar da lokaci dole ya bi shi: gawo da ganye kore shar, tunda shi da damina yake zubarwa, kuka tsirara, bedi da ganyensa, karan gero a jingine, goruba da rassanta masu rabuwa biyu biyu. Wayar tagulla da aka murɗe ita ce gangar itace, a shafe ta da gam da garin katako, ganye kuma soson katifa ne da aka niƙa aka rina. Laka ta gaske ba ta yi wa gini, tana tsagewa tana zuba. Kwali ake yankewa, a shafa garin POP siriri, a bi da jar ƙasa tankaɗaɗɗiya cikin gam, launin ya fito na asali. Zanko a kusurwar soro da indararo na tsinken tsintsiya su ke sa mai kallo ya gane gida nan take. Mutum santimita 2 ne, zaure mai mita 4 bai kai santimita 5 ba, Hasumiyar Gobarau mai kusan mita 15 kuma santimita 17 ce. Da yake tana tsakiyar gari, a bangon baya za ta tsaya, a hango ta daga nesa. 'Yan mutanen roba da ake sayarwa da kwat suke zuwa, amma tishu da ruwan gam sun isa a yi musu babbar riga da hula da hijabi.

Aikin da ke gaba shi ne gadar tsakiya da fitilun tasha, kowace 'yar fitilar LED da rizisto mai om 1,000 a kan volt 12. Muna kuma kira ga malaman fasaha na makarantun sakandare da su duba wannan aiki. Yaranmu da ke ƙera mota da kara da gwangwani sun riga sun iya rabinsa, allo ɗaya da zagaye ɗaya na dogo ya isa a koya musu awo da lissafin rabo da haɗa waya. Duk wanda yake da irin wannan teburi a Daura ko Funtuwa ko Zariya ko Maraɗi, ya rubuto ta wannan shafi ya faɗi awon da yake amfani da shi da yadda dogonsa ya kwana a bazarar bana.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Masu sha'awar haɗa ƙaramin jirgin ƙasa,
Katsina.